Takardar da ta kwana ashirin da ɗaya a aljihuna

Assalamu alaikum. Ni ɗan Garwa ne, a arewacin Kamaru, a unguwar Yalwa aka yanke mini cibiya, kuma gini gadon gidanmu ne. Kakana maginin ƙasa ne, irin masu jera azara su ɗaure guga. Iyayensa fatake ne daga ƙasar Kano, suka gangaro bakin Binuwai, zama ya kama su. Mahaifina a hannunsa ya tashi, ya iya murza tubali, ya iya yaɓe, sai zamani ya juya masa baya, kowa ya ce bulo da kwano yake so, dole ya ajiye ƙasa ya ɗauki cokalin siminti. Ni kuma na je jami'a na karanci gini shekara biyar, yau ana ce mini injiniya. Wanda ya ji wannan jerin zai zaci labarin ɗaukaka zan bayar. A'a, labarin wata takarda ne da na ninke na ɓoye a aljihun wandona, amma sai na ɗauko zancen daga tushe kafin a gane abin da ya kai ta can.

Tun ina shekara tara nake bin Baba wurin aiki duk ranar da babu makaranta. Aikina ɗebo ruwa da miƙa kwanon kwaɓi. Siminti ya ci mini tafin hannu har ya tsattsage, da dare Inna ta shafa mini man kaɗe tana mita, wai a bar yaro ya ji da karatunsa mana. A gida Hausa muke yi, a titi Fulatanci, a makaranta Faransanci, da yamma kuma allo. Haka kowane ɗan Bahaushe yake tashi a Garwa, ban kuwa san wata rana da harsunan nan uku zan ci abinci ba.

Daminar 2012 babu wanda ya manta da ita a garinmu. Binuwai ya cika ya batse, aka buɗe madatsar Lagdo, ruwa ya ci gonaki da gidaje tun daga nan har cikin Najeriya. Gidanmu Allah ya tsare shi. Amma wata katanga da Baba ya yi wa wani mutum a bayan gari, shekara biyu kafin nan, ta kife cikin dare ta danne awaki huɗu. Ɗakin da yara ke kwana yana nan dab da ita. Da sassafe na raka Baba. Abin da ya ba ni mamaki, bulon bai farfashe ba, katangar gaba ɗayanta ta kwanta kamar an tura ƙyaure. Mai gidan ya ce ƙaddara ce, ya yafe. Baba ya ce sai ya sake gina ta ba tare da ya karɓi ko dala ba, kuma ya yi. A hanyar komawa na tambaye shi.

"Baba, me ya kayar da ita?"

"Ruwa."

"To ai ta maƙwabcinsa ma ruwan ya dake ta, ga ta nan tsaye."

Ya yi tafiya mai nisa bai tanka ba, can ya ce, "Ka cika tambaya." Shekarata goma sha shida a lokacin. Tambayar nan ita ta riƙe ni a sashen gini na makarantar fasaha, wanda ake kira F4, har na ci bak, wato jarrabawar kammala sakandare, a 2016. Na je Yawunde na zauna konkur, wato jarrabawar neman shiga babbar makarantar ayyukan gine-gine, na faɗi. Laifina ne, lissafina bai kai ba. Na dawo na yi shekara guda ina ɗaukar bulo da rana, da dare ina bitar lissafi. A 2017 na sake gwadawa a Marwa, shekarar da Cibiyar Sahel ta jami'ar garin ta koma babbar makarantar kimiyya da fasaha, sunana ya fito a sashen gine-gine. Kuɗin rajista sefa dubu hamsin ne a shekara. Inna ta kwashi adashinta ta haɗa da kuɗin tunkiyarta, aka biya na farko, aka kama mini ɗaki.

Daga Garwa zuwa Marwa kilomita ɗari biyu ne da ɗoriya. Idan mota ta iso Figil sai ka hango masana'antar siminti tana turnuƙe ƙura, nan ake haƙar dutsen a ƙone shi. Buhun da na yi shekaru ina ɗauka a ka, ranar na fara ganin gidansu. Mu uku muka raba ɗaki, ni da wani ɗan Chadi daga Bongor da wani Kirista ɗan ƙabilar Tupuri wanda ya fi mu iya dafa miya nesa ba kusa ba. Na shiga aji ina taƙama, ai ni a cikin kwaɓi aka haife ni. Shekara biyu ban taɓa siminti ba. Lissafi ne da kimiyyar lissafin ƙarfi da zane, safe da yamma. Jarrabawar farko na sami shida bisa ashirin. Wata yarinya da ba ta taɓa riƙe shebur ba ta sami sha bakwai, kuma ita ta zaunar da ni a gindin dalbejiya ta warware mini abin da ya shige mini duhu. Girman kaina na farko a nan ya zube.

Darasin da ya buɗe mini ido shi ne na juriyar kayan gini. Malamin ya shigo da soson katifa mai tsawo, ya ja masa layuka a tsaye da alƙalami, ya ɗora bakinsa biyu a kan littattafai, ya danna tsakiya. Layukan sama suka matsu, na ƙasa suka buɗe. Ya ce kankare gwani ne wajen ɗaukar danniya, amma in aka ja shi, ƙarfinsa bai wuce kashi ɗaya cikin goma na wancan ba, don haka ake sa rodi daidai inda layuka ke buɗewa. Sai ya riƙe soson ta baki ɗaya, ya danna ɗaya bakin da ke lilo, wannan karon layukan sama ne suka buɗe. Baranda mai leƙowa waje ke nan, rodinta a sama yake. Na tuna baranda nawa na gani leburori sun tattake rodinta ya kwanta a ƙasa, aka zuba kankare a haka, kowa ya tafi gida yana murna. Gabana ya faɗi.

Wannan darasin ya sa na fara ganin kakana da wani ido. An kai mu Pus, bakin kogin Logon, muka ga ɗakunan Musgum masu kama da ƙwai a tsaye, laka zalla, babu itace babu ƙarfe, wasu sun fi tsayin mutum uku. Sirrinsu a lanƙwasar yake, kowane ɓangare danne na ƙasansa yake yi, babu inda ake jan laka. Bakan gizo na soron Hausa ma a kan wannan hikima ya tsaya, inda kuma ja ya zama dole sai a sa azarar giginya, ita ce rodin wancan zamani, ga shi gara ba ta cika damunta ba. Kakana bai san sunan ko ɗaya daga cikin abubuwan nan da Faransanci ba, amma hannunsa ya san su.

A shekara ta uku muka shiga ilimin ƙasa, a nan na gamu da katangar Baba. Duk wanda ya san karkarar Marwa ya san baƙar lakar da Fulani ke kira karal, wadda ake dasa masakwa a kanta bayan ruwa ya janye. Da rani tana darewa har ka zura hannu, da damina ta sha ruwa ta kumbura. Gini mara nauyi kamar katanga, in tushensa bai nutsa ya wuce inda laima ke hawa da sauka ba, ƙasar ɗaga shi take yi ta sauke, shekara bayan shekara, har ranar da ruwa ya taru a bayansa ya ƙarasa shi. Mun murza irin wannan laka a ɗakin gwaji kamar taliya, mun auna ruwan da take sha kafin ta saki jiki. Na ce alhamdu lillahi, yau na sami amsar da Baba ya kasa ba ni.

A watan Maris na 2020 aka rufe makarantu saboda korona, na dawo gida da ilimina yana mini ƙaiƙayi. Na sami Baba a wurin wani aiki, yaransa biyar suna haƙa, mai ginin yana zaune a kan benci. Na leƙa ramin, na ɗebi ƙasar na murza, sai na buɗe baki. Na ce wannan ramin bai isa ba, irin kuskuren da ya kayar da katangar nan ke nan, ana gini da ka ba a san halin ƙasa ba. Har da kalmomin Faransanci na yi ta jefawa. A gaban yaransa, a gaban mai ba shi aiki. Baba bai ɗago ba, ya ci gaba da jan igiyarsa. Da dare Inna ta kira ni ɗakinta, ta ce, "Tunkiyata na sayar don ka je ka koyo abin da za ka tsinka ubanka da shi a bainar jama'a? In wannan ne karatun, ka ajiye shi." Sati biyu in na gaida Baba sai ya amsa a taƙaice. Na ba shi haƙuri, ya ce ya wuce, amma ni bai wuce mini ba. Daga ranar na ɗaure bakina, na ce ba ni ba sake gyara wa babba magana. Na ɗauka tarbiyya na koya.

Sauran karatun ya tafi da sauri. A daminar shekarar gadar Palar ta karye a Marwa bayan ruwa mai yawa, muka je muka tsaya cikin jama'a muna kallon hanyar Mora ta yanke, manyan motocin Kuseri da Injamena sun yi layi. Mayo, wato kogin da gadar ta ƙetare, da rani yashi ne yara ke ƙwallo a kai, da damina kuwa ba ya jin kira. Muka yi lissafin kankare mai rodi, muka koyi zana bene a kwamfuta, muka yi awon fili. Akwai kuma darasin tafiyar da aikin gini, wanda na raina ƙwarai. Yadda ake ƙirga kayan da gini zai ci, yadda ake jera ayyuka a jadawali, da gano jerin ayyukan da in ɗayansu ya makara kwana ɗaya, ginin duka ya makara. Aka koya mana cewa a kwangilar gwamnati ana iya ba ɗan kwangila kashi ashirin cikin ɗari ya fara aiki, a riƙe masa har kashi goma sai an tabbatar da ingancinsa, kuma doka na bin magini shekara goma in ginin ya sami matsala a ƙashinsa. Malamin ya kawo misalin hanyar Mora zuwa Dabanga zuwa Kuseri, wadda ga karal ga damina, ga kuma sace ma'aikata goma 'yan Sin da aka yi a Waza a 2014, aiki ya tsaya cak. Ya ce kuskure a gini farashinsa hawa yake yi kullum, abin da kalma ɗaya za ta gyara yau, gobe sai da guduma. Na rubuta don jarrabawa, na ci, na manta.

Na gama a 2022. Farkon 2023 wani ƙaramin ɗan kwangila a Garwa ya ɗauke ni in kula masa da shantiye, wato wurin aikin gini, bene mai hawa biyu na wani Alhaji ɗan kasuwa, ƙasa shaguna, sama gidajen haya. Zane da Faransanci, umarni da Fulatanci, ƙorafi da Hausa. Shugaban birkiloli dattijo ne, sa'an mahaifina, sun ma san juna, gemunsa fari fat. Baba nake ce masa, shi kuma ya ce mini "Injiniya" da wani irin jan murya da ban taɓa rarrabe ko girmamawa ba ce ko zolaya.

Azumin shekarar ya faɗo a Maris da Afrilu. Wanda bai san Garwa a Afrilu ba, zafi kan haura digiri arba'in, rodi in ya sha rana ba ya taɓuwa da hannu. Ranar da za mu zuba ginshiƙai tara na ƙasa, injin girgiza kankare ya ƙi tashi. Ƙa'idar kwaɓinmu a rubuce take: buhu bakwai na kilo hamsin a kowace mita guda ta kankare, wato kowane buhu baro ɗaya na yashi, baro biyu na tsakuwa, ruwa kamar lita ashirin da biyar. Da hantsi abin yana tafiya daidai. Wajen azahar tsakuwa ta ɗau zafi, kwaɓi ya fara ƙanƙamewa tun a baro, yana maƙalewa a tsakanin rodi, leburori masu azumi leɓɓansu sun bushe, suna zungura da sanda ba ya sauka. Sai na ji dattijon ya ce wa yaron injin kwaɓi, "Ƙara masa ruwa." Bokiti ɗaya. Can ya ce a ƙara. Kankare ya saki, ya riƙa gangarawa cikin katako kamar kunu, kowa ya sami sauƙi.

Ina tsaye, tsakanina da injin bai fi taku biyar ba. Na san abin da ke faruwa sarai. Siminti ruwa kaɗan yake buƙata ya kama, ragowar in ya ƙafe ƙananan ramuka yake bari a ciki, kowane rami kuwa rauni ne. Muna da mazurarin gwaji, ƙarfe mai tsawon santimita talatin, a cika shi hawa uku, kowane hawa a soke shi sau ashirin da biyar, a zare a ga yadda kwaɓin zai zauna. Na gwada a gefe. Maimakon ya ɗan rusuna, sai ya baje a ƙasa kamar an zubar da fura. Na ɗago, muka haɗa ido da dattijon. Ya ce, "Injiniya, lafiya?" Yaransa duk sun tsaya suna kallona. Fuskar Baba na gani a ranar nan yana jan igiya, na ji muryar Inna. Na ce, "Lafiya lau, Baba." Na cika gwangwanayen gwaji, masu faɗin santimita sha shida da tsawon talatin da biyu, na rubuta kwanan wata, aka tashi.

Ana fasa irin waɗannan a ɗakin gwaji bayan kwana bakwai, sannan bayan ashirin da takwas, lokacin da ake ɗaukar kankare ya kai ƙarfinsa. Zanenmu ya nemi megafaskal ashirin da biyar, wato wuri kamar faɗin farcen yatsa ya ɗauki kusan kilo ɗari biyu da hamsin. A kwana bakwai ana sa ran kashi biyu cikin uku, sha shida ko kusa da haka. Na je na karɓo takarda. Goma. Na tsaya a bakin titi kusa da babur ɗina na karanta ta sau uku, na ninke ta huɗu, na zura a aljihu.

Kowace rana da dalilin da nake ba kaina. Yau in ce wataƙila gwangwanin ne ba a cika shi daidai ba. Gobe in ce zai ƙara ƙarfi, a jira na ashirin da takwas. Jibi in ce Salla ta matso, in na tsayar da aiki da me leburorin nan za su ɗinka wa 'ya'yansu kaya? Wannan na ƙarshen ya fi yi mini daɗi, don ya mayar da tsorona tausayi. Alhali da na yi magana a ranar, ginshiƙai tara ne tsirara, simintinsu bai wuce buhu goma sha biyu ba, kwana uku an fasa an sake. Ina kallo aka tayar da bulo a tsakaninsu. Ina kallo kafintoci suka kafa turaku suka shimfiɗa katako, masu ɗaurin ƙarfe suka ɗaure rodin bene. Har sa hannu nake yi a littafin aiki. In zan ba da wando wanki sai in ciro takardar in mayar a wanda zan sa. Na yi tarawihi da ita, na je idi da ita. Abinci ya daina yi mini daɗi, Inna ta zaci shawara ce ta kama ni, ta jiƙa mini magani.

Bayan Salla takarda ta biyu ta fito. Sha biyar. Abin da ya kamata ya kai a kwana bakwai bai kai shi ba a ashirin da takwas. Saura kwana huɗu a zuba bene, an riga an sauke siminti. Injiniyan da mai gini ya ɗauka don sa ido ba kullum yake zuwa ba, ni nake miƙa masa takardu, kuma wallahi sai da zuciyata ta raya mini in haɗa ta biyu da ta farko.

Da dare na sami Baba a ƙofar gida a kan tabarma, rediyo a gefensa. Rabona da yi masa zancen gini shekara uku. Na ajiye takardun biyu a gabansa, ko da yake ba ya karanta boko, na faɗa masa komai. Ya kashe rediyon.

"Su wa za su zauna a ƙarƙashinsa?"

"Masu shaguna, Baba. Sama kuma iyalai."

Ya daɗe yana jan carbi. Sannan ya ce, "Katangar nan da ka tambaye ni. Na san ramin bai kai ba. Tun ina haƙa na ga ƙasar baƙa ce, kakanka ba ya ɗora gini a kan irinta sai ya tarar da ja. Na ce a ƙara zurfi, mai gidan ya ce ba shi da kuɗin, ga shi ya girme ni, aminin kakanka ne. Na ji nauyinsa. Da na ce maka ruwa ne, ba ruwa ba ne." Ya ɗan yi shiru. "Ranar da ka zo ka yi mini faɗa a gaban yarana, gaskiya ka faɗa. Wurin faɗar ne ba ka iya ba. Ni awaki na kashe, kuma har yau in hadari ya haɗu sai na tuna ɗakin yaran nan."

Shekara goma sha ɗaya ina ɗauka rashin sani ne ya kayar da katangar, har na je jami'a neman abin da mutumin da ke gabana ya riga ya sani. Ban iya cewa komai ba. Shi ya tsara mini yadda zan yi. Ya ce kada in tari dattijon a wurin aiki, in bi shi gida bayan sallar asuba, in riƙe goro, in fara da laifina kafin in ambaci nasa.

Haka na yi, kuma kada wani ya zaci abin ya zo da sauƙi. Dattijon ya karɓi goron, ya saurare ni, ya ce shekara arba'in yana gini ko ɗaya bai taɓa faɗuwa ba, takardar Nasara ba za ta koya masa aiki ba. Na ce, "Baba, ban zo da takarda ba, roƙonka na zo yi. Mu je kafin yara su iso, ka gwada da hannunka." Muka je gari bai gama wayewa ba. Ya ɗauki gudumarsa da kurfi ya sari wani ginshiƙi da muka zuba tun kafin azumi, ƙarfen ya yi ƙara ya dawo, da ƙyar ya bar tabo. Ya matsa ga ɗaya daga cikin taran. Sara ɗaya, gefen ya ɓantale, tsakuwa ta zubo tana rabuwa da yashi. Ya murza ɓarɓashin a yatsunsa. Ya gwada na biyu, ya gwada na uku. Bai dube ni ba, ya ce, "Ka kira mai kwangila."

Ranar na sha zagin da ban taɓa sha ba. Ɗan kwangila bai damu da ruwan da aka ƙara ba kamar yadda ya damu da kwanan watan da ke kan takarda ta farko, kuma yana da gaskiya. Alhaji ya zo da kansa ya ce an haɗa shi da yara. Injiniya mai sa ido ya sake auna ginshiƙan, ya ce a fasa duka tara. Aka kwance rodin da aka ɗaure, aka sauke katako da turaku na wannan ɓangaren, aka rushe bulon da ke manne da su, aka farfasa a hankali don kada a lalata rodin da ya fito daga tushe. Sati uku muka rasa, ga damina ta ƙarato, ga siminti a ajiye yana jiran laima. Wata uku ana yankar albashina. Ban san abin da ya hana a kore ni ba, sai daga baya na ji dattijon ne ya ce in an sallame ni shi ma ya tafi. Da bakinsa bai taɓa faɗa mini ba, ya ma yi watanni ba ya sakar mini fuska.

Da muka sake zubawa, bayan isha'i muka fara, da fitilu. Tun la'asar aka yayyafa wa tsakuwa ruwa ta huce, aka ari injin girgiza, aka riƙa kwaɓa kaɗan-kaɗan. Da aka cire katako muka naɗe ginshiƙan da buhunan algarara, wani yaro ba shi da aiki sai jiƙa su safe da rana da yamma har kwana bakwai. Na kuma samo jarkar mai ta lita ashirin da biyar na yanke mata kai, na ce buhu ɗaya jarka ɗaya, in yashi jiƙaƙƙe ne ma a rage. Har yau duk shantiyen da na je da irinta nake zuwa. Birkiloli suna mata dariya, suna ce mata sandar Injiniya, amma ta sauƙaƙa mini, don in wani dattijo ya ce a ƙara ruwa, yaron injin ne ke ɗaga jarkar ya nuna masa babu saura. Inda jarka ba ta isa ba, kamar mai gini da ke son a rage rodi, ko ɗan kwangila da ke son a cire turaku kafin lokaci, dole ni zan buɗe baki. Har yanzu sai na ji cikina ya murɗa kafin in yi. Nakan ja mutum gefe, in gaishe shi da kyau, in faɗa, in kuma rubuta a littafin aiki a ranar, ba gobe ba.

Takardar tana nan, na sa ta a cikin jakar da shaidar digirina take, ninkin ya kusa raba ta huɗu. Baba kuwa ƙarfi ya fara ja baya, yaransa ke yawancin aikin, shi yana zaune yana nuni da sanda. Kwanakin baya ya kira ni a waya da sassafe, wai in biyo ta wani fili a hanyar Pitowa. Na tarar an haƙa rami har gwiwa, mai filin yana tsaye yana cewa ya isa haka. Baba ya ɗebo ƙasar ya miƙo mini, baƙa ƙirin, tana danƙo. Ya fi ni sanin ko mece ce. Ya ɗaga murya yadda mutumin zai ji, ya ce, "Injiniya, duba mana wannan, za ta ɗauki gini a haka?" Na murza, na ce ba za ta ɗauka ba, sai an ƙara zurfi an ɗaure tushen da rodi. Baba ya juya ga mai filin ya buɗe hannuwa, ya ce, "To ka ji, Alhaji. Ni da ta ni ce da na bar maka, amma yaran nan na jami'a ba sa jin roƙo." Da zan tafi na ce masa kuɗin duba ƙasa fa? Ya ce in je in cire a cikin kuɗin tunkiyar Inna.